Yadda ake wanke kabon ɗin injin mota da maganin zubawa a tanki

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen bakanike lokacin da ya kwance kan inji ya san abin da ake nufi da kabon. Wani baƙin abu ne da yake daskarewa a saman fiston da bayan bawul da bakin nozul, wani wurin busasshe ƙamas kamar ƙanzon tukunya sai an sa ƙarfe an kankare, wani wurin kuma danƙo-danƙo kamar kwalta ta sha rana. Ragowar fetur ne da baƙin mai waɗanda basu ƙone duka ba, zafi yana gasa su kullum kullum har su zama ɓawo. Kowane inji yana tara shi, sai dai namu na nan yafi saurin tarawa saboda goslo da ƙurar hunturu da gajerun tafiye-tafiye, daga gida zuwa makarantar yara zuwa kasuwa, injin bai gama ɗumama ba an kashe shi.

Ni abin ya dame ni ne tun akan wata Corolla 2006 da na riƙe. In na tsaya a danja sai sitiyari ya riƙa rawa a hannuna, silo yana hawa yana sauka, ga shan mai ya ƙaru. Na sayi kwalbar magani na juye akan fetur ɗin da bai fi lita goma ba, na yi sati ina yawo a cikin gari, ba abin da ya canza. Sai da wani dattijon bakanike ya ɗaga bonet yaga fanka tana juyawa tun daga tayar da mota, ya taɓa tiyon lagireto, ya nuna min cewa an cire tamostat, wato bawul ɗin da yake tare ruwa har sai inji ya ɗumama, tun kafin motar ta zo hannuna. Daga ranar na gane maganin nan sabulu ne, yana wanke inda ya taɓa kawai, kuma in baka toshe hanyar da daudar take shigowa ba kuɗinka ka zubar. Toh ga yadda nake bi yanzu, kuma haka nake ba duk wanda ya tambaye ni shawara.

Fara tabbatarwa kabon ɗin ne

Alamomin da aka fi gani sune jijjiga a silo, mota ta yi nauyi in ka taka totur kamar ana riƙe ta ta baya, shan mai fiye da da, wahalar tashi da safe, da kuma wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan kana hawa tudu ko ka ɗauko kaya. Wannan ƙarar ta ƙarshe tana zuwa ne saboda kabon ɗin saman fiston yana rage filin da mai yake ƙonewa kuma yana riƙe zafi kamar garwashi, sai man ya kama wuta ba a lokacinsa ba. Matsalar ita ce duk waɗannan alamun koyil da ya mutu zai iya kawo su, fulogi da ya tsufa zai iya, famfon mai da ya yi sanyi zai iya, har tiyon iska da ya tsage. Don haka kar ka fara da sayen kwalba.

Ka je gareji kace, Oga don Allah cire min fulogi in gani da idona. In kan fulogin ruwan ƙasa ne ko toka-toka, ƙonewar mai lafiya lau take. In baƙi ne busasshe yana shafa a yatsa kamar baƙin tukunya, mai yana yawa akan iska. In kuma baƙi ne jiƙe da maiƙo, toh baƙin mai ne yake hawowa, wannan maganar ringi ce ko robar bawul, ba kwalbar da zata gyara. Ka duba hayaƙin salansa shima, baƙi mai ne yayi yawa, shuɗi baƙin mai ake ƙonawa, fari mai kauri da baya ɗaukewa bayan inji yayi zafi kuma ruwan lagireto yana raguwa, gasket ne, ka ajiye maganar kabon gefe ka nemi gyara.

Sannan a sa mata kwamfuta. Kuɗin bai kai na kwalbar magani mai kyau ba. P0300 zuwa P0304 misin ne, wato mai baya kama wuta yadda ya kamata a silinda, daga P0301 lambar ƙarshe tana gaya maka wane silinda, ita P0300 bata ware silinda ɗaya ba. P0171 yana nufin mai yayi kaɗan akan iska, wanda nozul da ya toshe kan jawo, amma iska mai shiga ta ɓarauniyar hanya ma tana jawowa. P0401 hanyar EGR ce ta cushe, wato hanyar da take mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji. Ka roƙi mai kwamfutar ya nuna maka lambar gyaran mai na dogon zango, a allonsa zaka ga an rubuta LTFT, ka rubuta ta a wayarka. In tana kusa da sifili lafiya, in ta haura 10 akwai magana. Wannan lambar da ita zaka auna ko maganin yayi aiki daga baya, ba da jin jiki kawai ba, don mutum in ya kashe kuɗi zuciyarsa takan gaya masa mota ta ƙara gudu.

Wane irin inji ne da kai

Nan ne mutane da yawa suke asara, don Allah a tsaya a karanta sosai. Yawancin motocin da muke hawa, Corolla ta 2003 zuwa 2008, Vibe, Camry Big Daddy da Muscle, Honda EOD da DC, Peugeot 406, nozul ɗinsu yana fesa mai ne a bayan bawul ɗin shigar iska. Kenan duk lokacin da inji yake aiki fetur yana wanke bawul, in ka zuba magani a tanki zai bi ta famfo, ya bi ta nozul, ya jiƙa bawul, ya shiga ɗakin wuta. Waɗannan su maganin tanki yafi yiwa amfani.

Akwai kuma masu fesa mai kai tsaye cikin silinda. Hyundai da Kia masu rubutun GDI kamar Sonata daga 2011, Volkswagen da Audi masu FSI ko TSI, Ford EcoBoost, Lexus IS250, Accord mai silinda huɗu daga 2013. A waɗannan fetur baya taɓa bayan bawul ko kaɗan, iska ce kawai take wucewa tare da tururin baƙin mai da yake dawowa daga ƙasan inji, shi yasa bawul ɗinsu yake tara kabon har yayi tudu. Ko kwalba goma ka zuba a tanki bazata isa wurin ba. Zata wanke nozul, wannan ma riba ce don bakin nozul ɗin yana cikin wuta, amma bawul sai ta wata hanyar da zan kawo a ƙasa. Toyota ta haɗa biyun a wasu injinanta, abin da suke kira D-4S, kamar Camry daga 2018, su da sauƙi.

Toshe ƙofar kafin ka yi shara

Iya kilina, wato matatar iska, cire shi ka ɗaga shi saitin rana, in haske baya ratsawa canza shi, bugawa a jikin taya ba gyara bane, wanke na takarda da fetur kuma kashe shi ne. Fulogi in sun yi nisa a canza da irin wanda kamfani ya rubuta. Akwai wani ɗan bawul da ake kira PCV a saman murfin inji, ƙarami ne kuma ba tsada, in ka cire ka girgiza ya kamata kaji yana ƙara, in shiru ne ya daskare kuma shi ke tura baƙin mai cikin hanyar iska.

Sai babbar magana, tamostat. Wallahi abin nan yana min ciwo, mota ta sauka daga jirgi lafiyarta ƙalau, abu na farko sai a cire tamostat a haɗa fanka darek wai ƙasarmu da zafi. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In bai kai ba, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce inji bai ɗumama ba, sai ta cigaba da ƙara mai, man baya ƙonewa duka, ga kabon, ga fetur yana gangarawa ta gefen fiston yana tsinka baƙin mai. Ita kuma sabulun da ke cikin maganin da zafi take aiki. In motarka tana zafi akwai dalili, lagireto ya toshe ko murfinsa ya mutu ko famfon ruwa ko rilen fanka, a gyara dalilin a mayar da tamostat. Nawa da aka mayar, tun kafin in sake zuba komai shan mai ya sauka.

Zaɓen kwalba

In ka shiga shagon kayan mota a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo zaka ga kwalabe jere kala-kala, kuma ba aiki ɗaya suke ba. Akwai na ƙara ƙarfin fetur mai rubutun Octane Booster, baya wanki. Akwai mai kauri kamar zuma da ake zubawa a baƙin mai, shi kauri kawai yake ƙarawa. Akwai na wanke cikin inji kafin juye. Wanda muke nema shi ne na wanke hanyar mai gaba ɗaya, kuma ka juya bayan kwalbar ka nemi harufa uku, PEA. Sinadari ne da yake jure zafin ɗakin wuta, bai ƙonewa nan take, yana samun lokacin da zai jiƙa kabon ya ɓanɓare shi kaɗan kaɗan ya fita ta salansa. Techron na kamfanin Chevron da shi aka san shi, haka Red Line SI-1 da Gumout Regane. Liqui Moly na Jamus shima yana da na wanke nozul da ake samu a kasuwanninmu. Masu arha da yawa kusan kananzir ne da ɗan sabulu mara ƙarfi, suna iya hana sabuwar dauɗa zama amma tsohon ƙanzo sai dai su wuce shi.

A Amurka inda yawancin tokumbo ɗinmu suke fitowa, tun 1995 doka ta tilasta a sa sinadarin wanki a cikin fetur, a 2004 kuma manyan kamfanonin mota suka fito da wani ma'auni mai suna Top Tier da yafi na gwamnati tsauri. Kenan motar ta taso tana shan mai da sabulunsa a ciki. Mu nan ba a rubuta maka komai a jikin famfo, wani lokacin ma daga jarkar ƴan bumburutu ka sha, shi yasa nake ganin kwalba ɗaya lokaci-lokaci ba almubazzaranci bane.

Jabu kuma ya yi yawa. Duba hatimin baki ko an taɓa buɗewa, duba rubutu ko ya dusashe ko harufa sun karkace, duba lambar kwanan wata a gindin kwalba, kuma in farashin ya faɗi ƙasa warwas da na sauran shaguna ka ajiye masa kayansa. Gara ka saya wurin wanda zaka iya komawa gobe ka same shi.

Awo da zubawa

Kowace kwalba an rubuta yawan man da zata wadatar. Techron mai mililita 355 na galan 12 ne, kuma galan ɗin Amurka lita 3.8 ne ba huɗu irin namu ba, kenan wajen lita 45. Liqui Moly mai mililita 300 yana kaiwa har lita 70. Tankin Corolla lita 50 ne, na Camry Muscle 70, sai ka yi lissafi.

Na san tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 cika tanki ya zama sai an shirya, yawancinmu lita biyar lita goma muke sha. Amma kar ka juye kwalbar lita 45 akan lita 10. Abu biyu zai faru, maganin yayi kauri fiye da kima har wani ɓangare ya gangara cikin baƙin mai, sannan ya ƙare cikin kwana biyu bai samu lokacin aiki ba. Shi wankin nan na a hankali ne, awannin da inji yayi yana shan haɗin su ne suke cin kabon. In bazaka iya cikawa ba, sayi lita 22 ka zuba rabin kwalba, ka rufe sauran da kyau sai zagaye na gaba. Ko kuma ka haƙura har ranar da tafiya ta kama ka.

Ka bar tanki ya sauka zuwa kwata, kar ka bari ya ƙafe don famfon mai yana cikin tanki kuma fetur ne yake sanyaya shi. Ka je gidan man da ka yarda da shi, ba ranar da tanka take sauke musu mai ba don lokacin gurɓin ƙasan rijiyarsu yana tashi. Kashe mota. Fara juye maganin tukuna, sannan a ɗura fetur a kai, ƙarfin zubar man shi zai gauraya su. Ka tabbatar takardar hatimin bakin kwalbar bata faɗa ciki ba, ƙaramin abu ne amma na ga wanda sai da aka sauke tanki saboda ita. In ya ɗiga a fenti goge nan take.

Wani abu, maganin baya gyara gurɓataccen mai. Waɗanda suka sha fetur ɗin nan mai yawan methanol da aka shigo da shi Najeriya a Fabrairun 2022 sun san sai da aka zuƙe tanki. In kana zargin akwai ruwa ko haɗi a tankinka, a zuƙe a wanke kafin komai.

Tuƙin da zai sa ya yi aiki

Kar ka zuba ka koma yawon cikin gari daga danja zuwa danja. Bari allurar zafi ta kai inda take zama, sannan ka hau babban titi, Kano zuwa Zariya ka dawo, ko Sakkwato zuwa Gusau, ko Maraɗi zuwa Damagaram, duk wadda take kusa da kai kuma take da lafiya da tsaro. Kana buƙatar aƙalla minti 30 zuwa 40 inji yana aiki ba tsayawa. Ba gudun ganganci nake nufi ba, juyin inji ake so. In otomatik ce sauko da giya daga D zuwa 3 na ɗan lokaci yadda allura zata zauna tsakanin 3000 da 3500 alhali gudunka bai wuce ƙa'ida ba, in manuwal ce ka riƙe giya huɗu maimakon biyar. Lokaci-lokaci in hanya ta buɗe ka taka sosai na ƴan daƙiƙu ka saki. Kafin ka tashi ka duba baƙin mai da ruwa, kuma in bel ɗin taimin ɗinka ya tsufa kar ka matsa mata.

Tsayawa a gareji ana ta bankawa mota totur a fakin tana ihu ba abin da yake wankewa, inji ba kaya akansa zafin ciki baya kaiwa, maƙwabta kawai ka dama.

Bayan tafiyar cigaba da hawa yadda ka saba har man ya dawo kwata, kar ka riƙa ƙara sabo a kai kana tsinka haɗin. A kwanakin farko mota zata iya ɗan yin tari ko silo ya ɗan rikice, ya kan wuce. Amma in fitilar cek injin ta fara ƙiftawa, ba kunnuwa kawai ba, ƙiftawa, ka sauka gefe ka kashe, wannan misin ne mai tsanani da zai iya narka indomin salansa, wato abin da yake tace hayaƙi a cikinta.

In tankin ya ƙare sai juye. Ni kullum ina saita zuba maganin ya zama saura tanki ɗaya in yi sabis, don duk yadda aka yi wani abu daga cikinsa da daudar da ya kwaso suna sauka cikin baƙin mai. Sabon mai, sabon filta, in motar tana da filtar fetur ta waje ita ma a canza. Sai ka koma wurin mai kwamfuta a sake duba lambar nan da ka rubuta. In ta sauko kusa da sifili kuma jijjiga ta ragu, aiki yayi. In ta ɗan motsa kawai, zaka iya maimaitawa sau ɗaya. Fiye da biyu a jere ɓarnar kuɗi ce. Bayan haka duk kilomita 5,000 ko duk juye ɗaya kwalba ɗaya ta isa.

Bakin totur da na fesawa

Maganin tanki baya bi ta bakin totur, iska ce kawai take bi, kuma sau da yawa jijjigar silo daga nan take. A kwance tiyon iska, zaka ga wani faifai zagaye da baƙin zobe a gefensa. A fesa maganin wanke totur a tsumma mai tsabta a goge, mota a kashe. In na lantarki ne kar yaron gareji ya riƙa banƙara faifan da ƙarfi, akwai ƙananan haƙoran roba a ciki. Bayan an gama silo zai iya hawa sama na ɗan lokaci har kwamfutar motar ta sake koyon wurin zamansa, wasu motocin kamar Nissan sai an yi musu saiti. Sensar iska da ke bayan iya kilina kuma tana da nata maganin daban, siririyar waya ce a ciki, ba a taɓa ta da hannu ba a fesa mata na kafireto.

Masu GDI, naku shi ne gwangwanin fesawa ta hanyar iska, irin na CRC. Aikin mutum biyu ne kuma a fili ake yi, ba cikin rufaffen gareji ba don hayaƙin mota yana kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. Inji yayi zafi, mutum ɗaya ya zauna ya riƙe totur a 2000, ɗayan ya sa siririn bututun ta bayan sensar iska yana fesawa tsit, tsit, kaɗan kaɗan har gwangwanin ya ƙare. In inji ya nemi mutuwa a dakata ya farfaɗo. Sai a kashe a bar shi ya jiƙa na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, na CRC awa ɗaya ne, sannan a hau titi. Dalilin da yasa nake nanata kaɗan kaɗan, ruwa baya matsuwa kamar iska, in ya taru a silinda fiston ya taso ya same shi sandar fiston ce zata lanƙwashe, daga neman gyaran silo ka koma neman inji. Kuma gaskiya wannan feshin rigakafi ne da rage sabon kabon, in mota ta yi shekaru ba a taɓa yi mata ba kuma bawul ya riga yayi tudu, sai an kwance manifol, wato bututun da yake raba iska ga silinda, an kankare da hannu ko a fesa masa garin ɓawon gyaɗar turawa, wato walnut, da iska mai ƙarfi, wanda shi ne abin da ake yi a ƙasashen waje don baya cin ƙarfe.

Farin hayaƙin da yake turnuƙewa bayan feshi, wanda ake ɗauka a waya ana cewa ga kabon yana fita, mafi yawansa maganin ne da kansa yake ƙonewa. Kar ka auna aiki da yawan hayaƙi.

Na zubawa cikin baƙin mai

Wannan shi nafi jin tsoro. Aikinsa narka laka da ta taru a cikin inji da sakin ringin da ya maƙale. Yadda ake yi, inji da zafi, a zuba ta inda ake zuba baƙin mai, a bar mota a silo minti 10 zuwa 15 ba taka totur ba tafiya ko nan da bakin titi, a kashe, a kwance a tsiyaye tas, sabon filta sabon mai. Amma kafin nan buɗe murfin mai ka haska tocila. In kaga ƙarfe ruwan zuma da ɗan baƙi-baƙi, zaka iya. In kaga laka ta yi kauri kamar kwaɓaɓɓen kwalli, kar ka soma, zata ɓalle gunduwa-gunduwa ta toshe rariyar famfon baƙin mai a ƙasan inji, fitilar mai ta kawo, inji yayi nokin. Irin wannan gara a kwance murfin sama da kaskon ƙasa a wanke da hannu, sannan ka yi juye biyu ko uku kusa-kusa, duk kilomita 1,500 zuwa 2,000, da mai mai kyau. Zuba kananzir ko gas a madadinsa da wasu suke yi, yana tsinka mai har metal ya rasa abin da zai kare shi.

Masu Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu da tsofaffin Corolla da suke shan baƙin mai, matsalar sananniya ce, ƙananan ramukan da mai yake komawa ta jikin fiston ne suke cushewa ringin mai ya maƙale. In abin bai yi nisa ba wankin yana ɗan ragewa, in kuwa kana ƙara lita duk sati, a auna kwamfireshan a san gaskiya, ringin ne a gabanka.

Sauran dabarun da ake yaɗawa, man burki ta hanyar iska, ƙwallon kafur a tanki, man giya a fetur, ɗura ruwa ta tiyo, ka bar su. Man burki da man giya suna lalata sensar salansa da indomi, kafur in bai narke duka ba filta da nozul yake toshewa.

Masu gas, wato dizal, kamar Hilux da manyan bas, naku maganin daban ne kuma an rubuta a jiki, kar a zuba na fetur a tankin gas ko na gas a fetur. Tsarin dai ɗaya ne, awo daidai, tafiya mai nisa, canza filtar gas bayan nan, sai dai ku kabon ɗinku yafi taruwa a EGR da manifol, kuma wannan kwancewa ake a wanke.

In ka yi duk wannan har zagaye biyu mota bata canza ba, a cire nozul ɗin gaba ɗaya a ɗora su a injin gwaji, wanda yake da kwalabe jere kowane nozul yana fesawa a tasa. Ka tsaya ka kalla da kanka, zaka ga wanda yake feshi kamar hazo da wanda yake tsiyaya kamar famfon da ya lalace, kuma bayan minti ɗaya man da ke kwalaben ya kamata ya zo daidai da juna. Wanda ya gaza bayan an wanke shi a canza shi, kuma a sa sababbin robobin bakinsu kafin a mayar, don tsohuwar roba in ta tsage fetur ne zai riƙa ɗiga akan inji mai zafi. Ragowar maganin da ya rage a kwalba kuma a bar shi a kwalbarsa ta asali a ɗaga sama inda yara basa kaiwa, kar a juye shi a robar lemo ko ta ruwa.